Maginin da Ya Ƙi Cika Layi

Akwai wani tsohon magini a wani ƙauye, mutumin kirki ƙwarai, sai dai wajen taurin kai ba a magana. Yana da ɗan ƙane wanda ya bi shi aiki tun yana saurayi har furfura ta fara fito masa. Ya koya masa kwaɓa ƙasa da jera tubali da komai, ban da abu ɗaya: yadda ake ɗaure azara, wato itacen rufi, a tsakiyar soro don ta ɗauki nauyi. Duk sa'ad da aka kai wurin nan, sai tsoho ya miƙa masa bokiti ya ce ya je ya ɗebo ruwa.

Ana nan sai ciwo ya kama hannun tsohon, yatsunsa suka yi nauyi. Ga shi kuwa sabuwar majami'ar garin tana tsaye ba rufi, damina ta ƙarato. In ruwa ya sauka a kan bangon ƙasa haka, wahalar jama'a duka ta narke ke nan. Dattawa suka roƙe shi ya nuna wa ɗan ƙanensa ɗaurin, ya ce, "A jira in warke."

Sai 'yarsa, wadda take aikin jinya a birni, ta zo duba shi. Ta sa masa wani wasa a waya don ya riƙa motsa yatsu.

Ta ce, "Baba, tubala ne suke faɗowa daga sama ɗaya bayan ɗaya, wani miƙaƙƙe, wani a dunƙule, wani da lanƙwasa. Ba kai kake zaɓa ba, wanda ya zo shi ne naka. Danna nan ya tafi hagu, nan dama, nan ya juya, nan kuma ya sauko da sauri. In ka cika layi daga bango zuwa bango ba rami, layin zai ɓace, na sama su sauko. In tarin ya taɓa sama, wasa ya ƙare."

Ya ce, "Ke, yau ni za ki koya wa jera tubali?"

Ya karɓa ya jera layin farko tsaf, ko tsinke ba zai shiga ba. Yana sa na ƙarshe, layin ya ɓace. Tsoho ya zabura. "Kai! Ina aikina?"

Daga nan fa bai yarda ya sake cika layi ba. Kowanne sai ya bar masa ɗan rami, wai taga ce. Bango ya yi ta tashi gwanin kyau, ya taɓa sama, wasa ya ƙare. Ya sake, haka. 'Yar ta yi dariya har da hawaye, sa'an nan ta dafa kafaɗarsa.

Ta ce, "Haba Baba. Ramin da kake bari don aikin ya tsaya a gabanka, shi yake kashe maka wasan. Layin da ya tafi ba a rasa shi ba, dubi makinka a gefe. Tafiyarsa ce take buɗe wa na sama wuri."

Tsoho ya sake fara wasan. Ya cika layi ɗaya, ya kalle shi ya tafi, ya ga fili ya buɗe. Ya daɗe yana duban wayar. Can sai ya ajiye ta ya ce, "Kira mini ɗan'uwanki."

Aka ajiye masa kujera a cikin majami'ar. Da aiki ya kai tsakiyar rufi, ɗan ƙanen ya sauko ya nufi bokiti kamar yadda ya saba. Tsoho ya ce, "Ajiye bokitin nan, ɗana. Hau, ka saurare ni." Ya faɗa masa duka, bai rage kome ba.

Ruwan farko ya sauka ran Lahadi ana cikin sujada, ko ɗigo bai shigo ba. Jama'a suka yi ta yabon ɗan ƙanen, ba wanda ya ambaci tsohon. Shi kuwa yana zaune a baya, ya fi kowa ɗaga murya a waƙa.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattu: tubalan su ne kwanakin da Ubangiji yake sauko mana da su. Ba mu muke zaɓensu ba, namu shi ne mu juya su mu sa su a inda suka dace. Layin da ya cika shi ne alherin da aka yi har ƙarshe. Yakan bar hannunka, wataƙila a manta da sunanka, amma a wurin Allah bai ɓace ba. Ramin kuwa shi ne ɗan abin da muke riƙewa don a ci gaba da bukatarmu: uwar da ta ɓoye wa surukarta sirrin miya, mai bi da waƙa da ya ƙi koya wa na baya, wanda ya ce ya yafe amma ya ajiye saura. Na san tsoro ne, ba mugunta ba, muna gudun kada a daina nemanmu. Amma kwanakin ba sa jira, tarin yana ta hawa. Kowannenmu ya san wanda ya daɗe yana aika ɗebo ruwa. Ka kira shi yau, tun ruwa bai sauko ba.