Asalin Ɗaurin Guga

An ce a zamanin da, wani sarki ya ba da umarni a gina masa soron fada mai faɗi, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Aikin ya faɗa kan Sarkin Magina Jatau.

Jatau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, azara ba ta kai wannan faɗin. A ba ni lokaci in yi nazari."

Waziri, wanda bai taɓa ɗaga tubali ba, ya ce, "Raki ne kawai. A rufe kafin Sallah."

Aka rufe. Kwana uku rufin ya rufto, ya danne Ilu, ƙanen Jatau, ya mutu. Waziri ya ɗora wa Jatau laifin, ya ce ya sake ginawa, in kuma ya rushe, a bakin ransa.

Jatau bai damu da ransa ba, baƙin cikin Ilu ne ke cinsa. Ya shekara yana zane a ƙasa yana sharewa. Ran nan ya bi ta rijiya, ya tarar da Tabawa, matar marigayin, tana gyara guganta. Tun rasuwar gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Ya ga ta lanƙwasa sanduna biyu, ta gitta su a bakin gugan, ta ɗaure a tsakiya.

Ya ce, "Me ya sa biyu?"

Ta ce, "Yaya, ɗaya ai karyewa take. In sun gittu, nauyin sai ya rabu huɗu."

Jatau ya koma ya tayar da gini mai lanƙwasa kamar baka daga kowane bango, yana ɗaura gajerun azara kan juna, har suka haɗu a ƙololuwa. Damina ta zo ta wuce, soro bai ko tsage ba.

Sarki ya bincika, ya gane gaggawar Waziri ce ta kashe Ilu, ya tuɓe masa rawani. Ya ce a sa wa irin wannan rufin sunan Jatau.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba nawa ba ne. A kira shi ɗaurin guga." Haka magina suka riƙe sunan.

Aka kira Tabawa, Sarki ya ba ta gona da gida. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sandunan guganta a sama, hawaye na zuba. Sannan ta dubi Jatau ta ce, "Yaya, da ma ka zo rijiyar tun Ilu na raye."