Direban Doya da Rabin Tankin Ruwa

Akwai wani direba a Salaga mai suna Issahaku, wanda ya daɗe yana ɗauko doya daga Kpandai a babbar mota. A ƙarshen shekarun 1980 ya shiga aikin kashe gobara da buri ɗaya tak: a damƙa masa makullin motar ruwan da aka ce za a kawo garin. Ya iya tuƙi, wannan ba gardama. Matsalar ita ce ya fi kowa sanin haka.

Shugabansa ya duba lasisinsa ya ce, "Wannan na motar kaya ne. Sai ka je Yendi ka ci gwajin motar gobara tukuna."

Issahaku ya kira shi da Massa, wato maigida, ya ce, "Massa, ban gane ba. Mota ba mota ba ce? Ni da na sha hanyar Kpandai da damina?"

Haka dai ya tafi yana ƙunƙuni. A Yendi aka ce ai mai gwajin, wani jami'i mai suna Sumani, an mayar da shi Bawku. Kan Issahaku ya ƙara ɗaurewa. Ya bi shi Bawku, ya sauka gidan Hajiya Alimatu, ƙawar marigayiya mahaifiyarsa, mai sayar da gero a kasuwa. Ta ba shi ɗaki, ta riƙe shi kamar ɗan cikinta.

Shi kuwa Sumani, maimakon ya ba shi mota, sai ya sa shi naɗe tiyo da cika tanki da zaman aji tare da sabbin ɗauka.

"Kada ka taɓa sitiyari sai ina zaune kusa da kai," in ji shi.

Issahaku ya rasa inda aka dosa. Gwajin tuƙi ya zo yi ko dakon ruwa? Ranar da za a yi bayanin tankin ma, gogan naku ya sulale ya tafi tasha hira da direbobi.

"Hajiya, mutanen nan wasa suke da ni," ya ce da yamma.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Wanda ya ce ka jira, ya ga wani abu ne."

Ana nan, ran kasuwa da azahar wuta ta tashi a layin masu hatsi. Aka kwarara ruwan tankin motar gobara har ya ƙare, wuta ba ta mutu ba. Hayaƙi kuma ya sarƙe direban motar, Fuseini, aka janye shi gefe yana tari. Sumani ya aika a kira ɗaya direban da ke hutu a gida.

Issahaku ya hango wutar na tunkarar rumfar Hajiya, hankalinsa ya tashi. Bai tambayi kowa ba, ya faɗa motar ya nufi dam ɗebo ruwa.

A can ne ɗabi'ar direban doya ta motsa. A sana'arsu, rabin kaya ya fi sauƙin gudu. Don haka tanki na kaiwa rabi ya cire tiyo, ya juyo a guje.

Da ya iso kwanar kasuwa ya taka birki kamar yadda ya saba. Motar ta lafa, sai kuma ya ji an bangaje ta daga baya. Ya leƙa madubi, ba kowa. Ya karya kwana, motar ta yi wani irin layi, ta kwanta cikin kwalbati. Ruwan ya bi ƙasa mutane suna kallo.

A asibiti, hannunsa a ɗaure, har yanzu bai fahimci abin da ya faru ba. Sumani ya zo duba shi.

"Massa, wallahi na taka birki. Wa ya tura ni?"

Sumani ya ce, "Ruwan da ka ɗauko. Doya inda ka ajiye ta nan take zama. Ruwa in ka bar masa fili a tanki, kai ka tsaya shi bai tsaya ba. Abin da na koyar ke nan ranar da ka tafi tasha. Da ka cika shi, ko ka jira direbanmu, da mun ceci layin."

 Issahaku bai ma tambayi zancen makullin Salaga ba, don ya san ya wuce shi.

Can sai ga Hajiya Alimatu da kwanon tuwo, mayafinta na warin hayaƙi. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Hajiya, rumfar fa?"

"Ta tafi, ko tiya ɗaya ban fitar ba." Ta buɗe kwanon ta tura gabansa. "Maƙwabta ne suka aiko da shi. Ci, ɗana."

Ya kai loma bakinsa, bai ɗago ya dube ta ba.

Darasi: Ƙwarewarka a wani aiki ba ta ba ka izinin tsallake koyon wani. Gwaji da lasisi ba don a wulaƙanta ka aka sa su ba, don kare dukiya da rayukan mutane ne, kuma sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka shi ke ɗanɗana kuɗar girman kanka. Ku tura wa direbobi da duk wanda yake ganin ya gama koyo.