Ranar Da Babu Wanda Ya Tanka Wa Malam Hujja

Akwai wani mai sayar da magani a wani shago, mutum mai kaifin ƙwaƙwalwa. Maigidansa ya gaya masa cewa in bai kawo takardar shaidar ƙarin karatu ba, wani za a ɗora a kan teburinsa. Sai ya shiga wani aji na intanet. A tsaye yake karatun, wayarsa jingine da kwalin auduga, tsakanin mai neman maganin tari da mai neman na ciwon kai.

Tsarin ajin shi ne, kowane mako malama za ta ajiye tambaya a dandali. Kowa ya rubuta amsarsa da hujja daga littattafai, sannan ya shiga ƙarƙashin rubutun 'yan uwansa ya tanka musu. Makin kashi biyu ne: na binciken da ka kawo, da na tattaunawar da ta gudana a ƙarƙashin rubutunka, a tambaye ka, ka amsa.

Shi kashin farko kaɗai ya ɗauka da daraja. In ya shiga rubutun mutum, sai ya yi masa kaca-kaca, har da lambar shafi. 'Yan aji suka laƙaba masa Malam Hujja, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

A ajin akwai wata dattijuwa, ungozoma, da kowa ke ce wa Anti. Karatu ya zo mata da girma, rubutunta duk gyara. Amma ita kaɗai ce ba ta fashin shiga ƙarƙashin rubutunsa. Kullum maganarta ɗaya: "Sannu ɗana. Nan wurin ban gane ba, ƙara mini bayani." Yakan amsa yana tsaki.

Wata rana ta kawo hujja daga wani tsohon littafi da aka daina aiki da shi. A gaban aji duka ya rubuta mata: "Anti, wannan littafin sa'anki ne. Dandali ba tsakar gida ba ne. Wanda bai iya bincike ba ya bar wa masu iyawa."

Da ya karanta wa matarsa yana dariya, ba ta taya shi ba. Ta ce masa matar nan ta isa ta haife shi, gara ya goge rubutun. Ya ce gaskiya ya faɗa.

Anti kuwa, daga ranar ba a sake ganin ta ba kuma.

Daga nan makinsa ya fara zamewa. Ya ce malama ce ba ta son sa, ya ƙara tulin hujjoji. Sai a makon ƙarshe, da ya aika mata koke, ta amsa masa a taƙaice cewa bincikensa ba shi da na biyu, amma tun da ungozomar ta tafi, ƙarƙashin rubutunsa wayam yake. In wannan makon ma babu tattaunawa, ba zai haye ba.

Ashe tambayoyin da yake yi wa tsaki su ne suke riƙe da shi.

Ya ajiye rubutun da ya fi kowanne kyau, ya zuba ido. Ana ta hira a ƙarƙashin na kowa, nasa ko sallama. Ya roƙi wasu a ɓoye. Ɗaya ya ce, "Malam, mu da ba mu iya bincike ba? Mun bar wa masu iyawa."

Da ƙyar ya samo lambar Anti. Ta gaishe shi da fara'a, har ta tambayi iyali. Ya yi ta kame-kame kafin ya faɗi abin da ya sa ya kira.

Ta ce, "Ɗana, na yafe maka tun ranar. Da zan iya, wallahi da na shiga na tambaye ka. Amma na janye, an cire sunana. Kunya ce ta hana ni komawa."

Aka rufe dandali. Bai haye ba, ita ma ba ta samu tata takardar ba.

Yanzu yana ɗakin ajiya na bayan shagon yana jera kwalaye. Daga nan yana jiyo muryar wanda ya gaje shi yana yi wa masu saye bayani, a hankali. Allah Ya kyauta.

Darasi: Ilimin da ya sa mutane suka ji tsoron yi maka tambaya, kai zai fara kayarwa. Kada ka wulaƙanta mai ce maka "ban gane ba", wataƙila ta dalilinsa Allah Yake rufa maka asiri. Ku tura wa duk ɗalibin da kuka sani, ko Allah zai sa wani ya tausasa harshensa tun da sauran lokaci.