Dorika da Rigimar Hannun Dama

Ga ta nan, ga ta nanku, mai kunne ya matso.

Ta zo mu ji ta, ba ma gyangyaɗi.

Can da, a ƙasar Girkawa, kowane gari da ganuwarsa da girman kansa. Akwai wani ƙaramin gari a bakin teku, ana ce masa Gaɓa. Garuruwa uku sun yanka bijimi sun rantse: ranar da maƙiyi ya taɓa Gaɓa, za su zo.

Ran nan sai ga jiragen Sarkin Ƙetare, baƙi ƙirin har ƙarshen gani. Saura kwana uku su sauka su cinna wa garin wuta. Maza duk suna kan ganuwa, sai aka aiki Dorika, wata tsohuwa mai matsar man zaitun, ta kirawo garuruwan nan uku.

Tafiya, tafiya, sai Garin Garkuwa. Sarkinsu ya ce, "Iya, mu ba ma fita yaƙi sai wata ya cika."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wutar za ta jira wata?"

Ya ce, "Al'ada ce." Ta yi ƙwafa ta wuce.

Tafiya, tafiya, sai Garin Mahawara. Su ba su da sarki, kowa sarki ne. Aka taru a dandali, aka yini ana musun wanda zai fara magana. Kai, mutanen nan da ban haushi suke!

Tafiya, tafiya, sai Garin Kogo. Su kuma ba sa ɗaga ƙafa sai sun tambayi Mujiya. Mujiya ta lumshe ido ta ce, "Ku tafi, ko kuwa ku zauna."

Dorika ta ce, "Wannan ai ko akuyata za ta faɗa!"

Ta zauna a bakin hanya, ƙafa ta kumbura, zuciya tana tafasa, jikokinta suna can cikin Gaɓa. To, a al'adar Girkawa, rundunar da ta tsaya a hannun dama a fagen fama ita ce babba. Tsohuwa ta tuna wannan, ta miƙe zumbur.

Ta ce wa mutanen Kogo, "Ku huta, an ba Mahawara hannun dama." Ta ce wa Mahawara, "An ba Garkuwa." Ta ce wa Garkuwa, "An ba Kogo."

Wa ya ga gudu! Aka manta da wata, aka manta da dandali, aka bar Mujiya tana magana ita kaɗai. Suna isa bakin teku suka kaure. "Mu ne dama!" "Ƙarya ne, mu ne!" Wannan ya ture wancan, hulunan ƙarfe suna ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Sarkin Ƙetare ya hango ana ta fasa kawuna, ya aiki Shaho ya gano ko su wane ne. Shaho ya dawo ya ce, "Ranka ya daɗe, aminan juna ne, shawara suke yi."

Sarki ya dafe ƙirji ya ce, "Shawara? Amini ke nan ana fasa masa kai, ni fa da na zo da faɗa? A juya jirage!"

Gaɓa ta tsira, ko tsinke bai ƙone ba. Dorika ta tsoma ƙafafunta a ruwan ɗumi, su kuwa sai da suka kwana bakwai suna musun wanda ya kori maƙiyi. Ba wanda ya ce mata sannu.

Kun ji dai, wanda ba ya tashi don alkawari, kishi yakan tashe shi, kuma wannan abin kunya ne.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta koma inda ta fito.