Zoɓon Buɗa Baki

A wata ma'aikatar tarayya a Abuja an yi wani mutum, darakta ne, mai farin kaya da tabon sallah a goshi. Bai taɓa kurɓar giya ba, kuma yakan yi alfahari da haka. In ya ga mashayi sai ya tofar da yawu.

Shi bai sha, amma yana shayarwa. Yakan daka ƙwayar barci ya zuba a gorar zoɓo mai sanyi, ya miƙa wa 'yan matan da ake turowa bautar ƙasa ofishinsa. Yarinya ta farka a wani masauki a Gwarinpa, kanta na sarawa, ba ta tuna komai. Wa za ta gaya wa? Ta ce me? A ransa ma yakan ce ai bai taɓa tilasta wa kowa ba.

Wata Litinin aiki ya tsare su har yamma. Ya ce zai rage wa wata sabuwar yarinya, Nazeefa, hanya zuwa Dutse Alhaji. Suna cikin cunkoson Kado aka kira magariba. Ashe azumin nafila take yi.

"Masha Allah, 'yata," ya ce. "Ungo, bari in samu ladan buɗa bakinki."

"Allah ya saka da alheri, Baba."

Ya miƙa mata gorar zoɓon. Ta yi bismillah, ta shanye tas, a cikin da bai ga ko ruwa ba tun asuba.

Ya kai ta masaukin, ya aikata abin da ya saba. Ya zauna jiran ta farka kamar sauran. Ya girgiza ta, ya yayyafa mata ruwa, shiru. Ya kira Rosemary, mai kula da ɗakuna, ta taimaka a kai ta mota. Ta taɓa wuyan yarinyar, ta ja da baya.

"Oga, wannan yarinya ba ya numfashi fa."

Ta fita da gudu tana ihu, maigadi ya kulle ƙofa.

Likita ya samu ƙwayar a jininta. Aikin daraktan ya tafi, matarsa ta kwashe yara, alƙali ya yanke hukunci. Yana gidan yari yanzu, in ya dace ya yi barci sai ya ji ana ce masa Baba.

Ya 'yan uwa, kullum ana gargaɗinmu da mashayi mai tangaɗi a titi. To wannan da hankalinsa garau ya daka, ya auna, ya zuba. Ƙwaya ba ta yaudare shi ba, makami ya mai da ita. Amma a zaman makokin Nazeefa, uwarta na zaune, wasu mata ke raɗa: me ya kai ta motar namiji? Sauran 'yan matan da ya lalata sun ji wannan raɗa, shi ya sa har yau ba wadda ta buɗe baki.

Ya Allah, ka jiƙan Nazeefa, ka kiyaye 'ya'yanmu daga hannun da suka amince da shi, ka kiyaye su daga harsunanmu.