Tegu Ta Cinye Maginanta

An yi wata ƙatuwar ƙadangaruwa a dajin Kudancin Amurka, ana ce mata Tegu. Ta yi kama da damo, tsawonta ya kai na taɓarya. Ba ta raina abinci, 'ya'yan itace ne, ƙwari ne, ko mushe. Amma ƙwan wasu ya fi mata daɗi. In mai ƙwai ta yi kuka, sai Tegu ta ce, "A buɗe na same shi. Abin da ke buɗe na mai wucewa ne."

Ita kuwa ba ta kwanci. A gidansu, suri ake fasawa a zuba ƙwai a ciki, gara su zo su yaɓe ramin, ƙwai ya yi ta shan ɗumi har ya ƙyanƙyashe.

Da damina ta kusa, ta fasa wani suri ta zuba ƙwai goma sha biyu cur.

Sarkin maginan gara ya leƙo. "Baiwar Allah, bara ma ba ke ce ba?"

"Ni ce. Bana a yi yaɓe mai kauri, na bara iska na shiga."

"Ko sannu babu?"

"Sannun me? Bangonku ne ya fashe, ba nawa ba."

Magina suka jero, kowa da laka a baki. Tegu kuwa saka ƙwai ya bar ta da yunwa. Ta miƙa harshe ta ɗanɗana magini ɗaya, don dai ta ji ko lafiyarsu ƙalau. Ƙalau suke. Ta duba na biyu, ta duba na ɗari.

"Haba Hajiya!" in ji Sarkin magina. "Ai su ne masu yaɓen!"

"To kirawo wasu."

Ya kirawo wasu. Su ma ƙalau suke.

Da ciki ya cika, ta hau dutse shan hantsi, barci ya kwashe ta. Da la'asar ta dawo, ta tarar da rami a hangame, ƙanenta Kumatu zaune a gefe yana lasar baki.

"Kumatu! 'Ya'yana ne fa! Kai ne kawunsu!"

"Ayya, Yaya, ai ba su faɗa ba. A buɗe na same su."

Ta juya kan Sarkin magina. "Kai kuma me ya hana ku rufewa?"

"Maginan suna cikinki, Hajiya. In sun fito sai su ƙarasa."

Darasin wannan labari shi ne, kada kwaɗayi ya sa ka cinye wanda ke tsare maka gida. Kuma dokar da ka kafa don cutar wasu, wata rana a ƙofarka za a karanta ta.