Ranar da Tela Ya Ɗaure Kekensa

Akwai wani dattijo da ake ce wa Baba Fansho, wanda ya koma ƙauyensu bayan ya ajiye aiki, matarsa kuma ta rasu. 'Ya'yansa duk suna birni. Gidan ɗakuna ne a kulle, sai shi sai rediyonsa.

Baba yana da wani hali: ko allura ba ya saye a ƙauyen. Kowane wata mota ke sauke masa kwalaye daga birni, sabulu, sukari, man shafawa, har riguna ɗinkakku cikin leda. In an yi masa magana sai ya taɓe baki, ya ce kayan ƙauye ai na rufin asiri ne kawai.

Abin haushin kuma, a bencin tela yake wuni. Tela ne kaɗai ke jure labaransa na ofis, yana taka keke yana cewa "Allah sarki, Baba". Amma ko maɓalli Baba bai taɓa ba shi ya ɗinka ba.

Sannu a hankali masu ɗan hali suka kwaikwayi Baba, don kowa na son a ce ya waye. In an sayar da amfanin gona, sai a kwashi kuɗin a kai birni. Mai shago ya rufe. Da babu kayan shago, direban da ke zuwa kullum ya koma ranar kasuwa kaɗai. Da tasha ta mutu, mai shayi ya kife tukunyarsa ya bar ƙauyen. Baba yana kallo, yana cewa mutanen yanzu ba su da haƙuri.

Wata rana da yamma tela ya gaya masa shi ma gobe zai tafi, yara sun fara kwana da yunwa.

Sai a lokacin tsoro ya kama Baba, don ya san daga gobe ba wanda zai ce masa sannu.

Da safe ya ɗauko shaddar da ya ajiye don telan birni, ya nufi shagon tela yana haki.

"Ga ɗinki na kawo. Zo ka auna ni."

Tela ya shafa yadin, ya yi murmushi.

"Baba, ba sai na auna ka ba. Shekara da shekaru ina kallon kafaɗarka, na san awonka. Keken ne an riga an ɗaure a saman mota."

Ya bar masa bencin kyauta. Motar ta tashi, Baba ya zauna da shaddarsa a cinya, daga shi sai ƙofofin shaguna a rufe.

Darasi: Kuɗin da ka kashe a wurin maƙwabcinka shi ke riƙe shi kusa da kai, shi ke raya shago da tasha da yankin gaba ɗaya. Ka saya a gida tun masu sayarwar suna nan. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu aiko wa iyaye kaya daga birni.